Ba Kaset Ne Kaɗai Ajiya Ba

Yau zancen namu ne, mu masu gadin rumbun bayanai, waɗanda ba a tunawa da mu sai ranar da saba ta ƙi tashi. Wanda ba sana'arsa ba ce kada ya wuce, domin in albashinka ko sakamakon jarrabawarka ko katinka na asibiti yana cikin wata kwamfuta, to maganar ta shafe ka.

Kowace safiya abin da muke fara dubawa shi ne rahoton kwafin ajiya na daren jiya. In ya nuna kore, sai a cire kaset, a rubuta masa kwanan wata, a saka shi cikin akwatin ƙarfe a kulle. Koren nan shaida ɗaya yake bayarwa, cewa an rubuta wani abu a kan kaset. Bai yi alkawarin cewa abin zai karantu a wata na'ura ba, balle ya ce rumbun zai buɗe in an maido da shi. Wannan sai ranar buƙata ake sani, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A shekarun da muka yi ana kiranmu wurare daban-daban in maido da bayanai ya gagara, mun lura da abu guda. Maganar da ake tarar mu da ita kusan kullum ita ce, "Kaset ya mutu." In muka bincika, sau da yawa kaset lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ɓace shi ne abubuwan da ake buƙata kafin a karanta shi: na'urar da ta dace da shi, girman bulon da aka yi rubutu da shi, wurin da kwafin yake a jikinsa, makullin da aka kulle bayanan da shi, da rajistar da ta san abin da ke ciki. Duk wanda ya adana kaset ya bar waɗannan, rabin ajiya ya yi.

Wasu ƙannenmu a wannan sana'a kan yi dariya in sun ji ana maganar kaset a yau. Suna tuna kaset ɗin rediyo da ake naɗewa da biro in rediyo ta cinye shi. Wanda muke nufi shi ne LTO, wanda ya fito a 2000 yana ɗaukar gigabait 100. LTO-7 na 2015 yana ɗaukar tarabait 6, LTO-8 tarabait 12, LTO-9 na 2021 kuwa tarabait 18. Ya fi diski arha in bayanai sun yi yawa, ba ya shan wuta in yana ajiye, kuma ɗan kutsen da ke kulle bayanai yana neman kuɗin fansa ba shi da hanyar kaiwa ga abin da ke kwance cikin akwati. A Fabrairun 2011 da wata matsalar manhaja ta share wasiƙun wasu masu amfani da Gmail, daga kaset Google ya maido musu da su. Don haka kaset bai tsufa ba. Tambayar ita ce, me muka ajiye tare da shi?

Mu fara da na'ura. A 1966 da 1967 hukumar NASA ta Amurka ta tura kumbo biyar masu suna Lunar Orbiter suka ɗauko hotunan wata, aka naɗe saƙonnin a kan kaset kusan 1,500. Kaset ɗin suka yi shekara arba'in suna nan, amma injinan Ampex FR-900 da ke karanta su sun kusa ƙarewa a duniya. Wata ma'aikaciya mai suna Nancy Evans ce ta samo wasu daga cikin injinan ta adana a gidanta. Sai a 2008 aka gyara ɗaya a wani tsohon shagon McDonald's da ke harabar cibiyar NASA a Kalifoniya, sannan hotunan suka fito. Da ba don injinan da ta ajiye ba, da kaset ɗin sun zama tarkace ba tare da sun lalace ba.

Irin wannan yana faruwa a ofisoshinmu cikin ƙasa da shekara goma. Har zuwa LTO-7, na'ura tana karanta kaset na zamaninta da na zamani biyu da suka gabata. A LTO-8 da LTO-9 aka rage zuwa ɗaya. Na'urar LTO-8 ba ta karanta LTO-6, ta LTO-9 ba ta karanta LTO-7. Sai ka ga ma'aikata ta sayo sabuwar na'ura, an yi murna, an kai tsohuwar sito ko an yi gwanjonta, alhali bayanan shekarun baya duk suna kan kaset ɗin da ita kaɗai ke iya karantawa. Ranar da masu binciken kuɗi suka nemi lissafin shekara bakwai da suka wuce, sabuwar na'ura ta tofar da kaset, sai a ce ya mutu.

To in maido da bayanai ya gagara, da me muke farawa? Da cire kaset mu tura maɓallin hana rubutu da ke gefensa. Daga nan ba wani umarni, ko na ganganci ko na ruɗewa, da zai iya taɓa abin da ke ciki. Sai mu kwafe saƙon matsalar yadda yake, harafi da harafi, tare da lokacin da ya fito. Ba ma yarda a yi ta maimaita gwaji sau goma, domin in na'urar ce ke da lahani, duk zagaye ɗaya tana ƙara cin kaset ɗin da ba mu da wani bayansa.

Sannan mu bi saƙon zuwa tushensa. Saƙon da rumbun bayanai ke nunawa yawanci ji-ta-ji-ta ne. In Oracle ya ce ORA-19511, abin da yake nufi shi ne manhajar da ke kula da kaset ta kawo masa ƙara, shi bai ga komai da idonsa ba. Sai a sauka a karanta rahoton wannan manhajar, daga nan a sauka ga rahoton Linux ko Windows, har a kai ga abin da na'urar da kanta ta faɗa. Na'urar tana magana da lambobi. Lamba 03 tana nuna jikin kaset, 04 tana nuna na'urar, 07 tana nufin an hana ta taɓa bayanan, ko dai saboda maɓallin hana rubutu ko saboda babu makullin buɗe su, 08 kuwa tana nufin ta kai inda babu sauran rubutu. Waɗannan ciwo huɗu ne masu magani huɗu, amma a fuskar manhajar sama duk jan rubutu ɗaya ne.

In lambar ta nuna kaset ko na'ura, akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A saka wani kaset da aka tabbatar da lafiyarsa a wannan na'ura, a kuma kai wannan kaset ga wata na'ura. In kowane kaset ya ƙi a nan, na'ura ce, ko wayar da ta haɗa ta da saba, ko katin da wayar ke shiga. In kaset ɗin ya ƙi a ko'ina, to sai a fara yi masa kallon mara lafiya. Ko a nan ma a duba bakinsa tukuna, domin kaset in ya faɗi ƙasa, ɗan ƙarfen da ke bakin zaren kan goce daga mazauninsa, na'ura ta kasa kama shi, alhali bayanan ba abin da ya same su.

Akwai kuma matsalolin da ke kama da mutuwar kaset, amma rashin sanin yadda aka yi rubutun ne. Na'ura tana rubuta bayanai bulo-bulo. In an rubuta da babban bulo aka zo karantawa da ƙaramin ma'auni, Linux kan ce ba shi da isasshen wurin ajiyar ƙwaƙwalwa. Mun ga inda wannan saƙo ya sa aka fita neman ƙarin RAM a kasuwa. Manhajar tar, in ba a ce mata komai ba, da bulo mai bait 10,240 take aiki. In wanda ya tsara ajiyar ya zaɓi wani girma dabam bai rubuta a ko'ina ba, ya bar aiki, to wanda ya gaje shi zai sha wuya a kan lamba ɗaya tal.

Sai batun wuri. Kaset ba kamar diski ba ne da ake tsallakawa kai tsaye, layi ne ake bi daga farko, kwafi na bin kwafi. An taɓa kiranmu wata makaranta inda aka maido da rumbun SQL Server, manhaja ta ce an yi nasara, amma sakamakon zangon da aka gama babu shi. Shugaban makarantar ya tare mu a bakin ƙofa.

"Malam, ku gaya mini gaskiya, sakamakon yaran nan yana nan ko sai mun sake tara takardu?"

"Ranka ya daɗe, a ba mu rabin sa'a mu tambayi kaset ɗin tukuna."

Muka ba da umarnin RESTORE HEADERONLY, sai ga jerin kwafe-kwafe na makonni da dama a kaset ɗaya. SQL Server, in ba a hana shi ba, yana ɗora sabon kwafi a bayan tsoho, kuma in aka ce ya maido ba a faɗi lamba ba, na farko yake ɗaukowa, wato mafi tsufa. Muka ba shi lambar na ƙarshe, sakamako ya fito cif. Ba na'urar da aka gyara, ba kaset da aka canja.

Ba kullum ake dacewa haka ba. A Linux na'ura ɗaya tana da suna biyu. In ka kira ta /dev/st0, duk sanda aka gama aiki sai ta naɗe kaset zuwa farko. In ka kira ta /dev/nst0, sai ta tsaya inda take. A wani kamfani mun tarar an tsara a riƙa kwafe rumbu uku a jere kowane dare ta suna na farko. Na ɗaya ya rubutu, kaset ya koma farko, na biyu ya hau kansa, na uku ya hau kan na biyu. Kowane dare rahoto kore uku, amma rumbu ɗaya ne a kaset. Wanda suke nema ran nan shi ne na farko. Muka gaya musu babu shi, kuma bai taɓa kwana a kaset ba tun ranar da aka kafa tsarin. Harafi ɗaya ne ya jawo, kuma da an taɓa gwada maidowa ko sau ɗaya da an gano tun a makon farko.

Sai makulli. Tun daga LTO-4 na'urar tana iya kulle bayanai da AES-256 yayin rubutu, abin da ke da kyau in kaset ya faɗa hannun ɓarawo. Amma kullen bai san mai gida ba. In makullin yana zaune a sabar da ta ƙone, kai da ɓarawon matsayinku ɗaya. Haka rumbun SQL Server da aka kulle da TDE ba zai buɗe a sabuwar saba ba sai an kawo takardar shaidarsa da makullinta, waɗanda ake adanawa dabam. Rajista ma haka. RMAN na Oracle yana ajiye tarihin kwafe-kwafe a fayil ɗin kula da rumbun, kuma in ba a sauya saiti ba, bayan kwana 7 yana da damar rubuta sabon tarihi a kan tsoho. In saba ta tafi gaba ɗaya kuma babu rajista a wani wuri, sai ka san lambar DBID kafin ka ɗauko fayil ɗin daga kwafinsa. Mutum nawa ne a cikinmu suka rubuta wannan lamba a takarda? A ƙara da cewa kwafin da aka ɗauka a sabon SQL Server ba ya maiduwa a kan tsoho, don haka sabar ko-ta-kwana da aka bari a baya ba za ta karɓe shi ba.

Duk wannan ba yana nufin kaset da na'ura ba sa lalacewa ba. Suna lalacewa, kuma yawanci a hannunmu ake ganin alamun tun da wuri. Na'urar LTO-7 tana iya rubuta megabait 300 a daƙiƙa, netwok mai gigabit ɗaya kuwa da ƙyar yake kawo 120. Na'urar tana iya rage gudu, amma da iyaka. In bayanai suka yi ƙasa da wannan iyaka, kamar lokacin da rumbun ke fama da aiki ko netwok ya cunkushe, sai ta tsaya, ta koma baya, ta sake tasowa, ta yi ta haka dare guda. Wannan kai-komo yana cin hed yana cin kaset. Wanda ya tsaya kusa da ita zai ji da kunnensa. Maganinsa a fara sauke kwafin a diski na kusa, sannan a zuba wa kaset a tafi ɗaya.

Lambar da ke jikin kwali ma tana yaudara. An rubuta tarabait 15 a LTO-7, amma wannan in bayanan sun matsu ne ninki biyu da rabi. Kwafin da rumbun ya riga ya matse ko ya kulle ba ya ƙara matsuwa, tarabait 6 zai ci ya cika, sauran ya tsallaka kaset na biyu. In ba a lura ba, sai a kai na farko ma'ajiya a bar na biyu cikin na'ura, a wayi gari an rubuta wani abu a kansa.

Mu da muke aiki a ƙasar zafi da ƙura muna da ƙarin nauyi. Masu ƙera kaset sun ce a adana shi na dogon lokaci tsakanin digiri 16 zuwa 25. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu zafi yana haura 40, kuma sito ba esi. Kaset ɗin da aka ɗauko daga irin wannan wuri, ko daga bayan mota, ana so a bar shi ya yi sa'a 24 a ɗakin saba kafin a saka shi. Ƙurar hunturu tana shiga ko ta ina ta zauna a hed. Duk da haka ba a goge hed don sha'awa, sai na'urar ta nema, domin kaset ɗin goge-gogen yana ɗan kankare shi, kuma bayan amfani 50 ya gama aiki. Ga ɗauke wuta: in na'urar ba ta kan UPS, tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta ya isa ya yanke kwafin dare a tsakiya.

Wani zai ce ai muna tantancewa bayan kowane kwafi. Madalla, amma mu san iyakar tantancewar. Na'urar LTO tana karanta abin da ta rubuta nan take, sai dai abin da aka miƙa mata take tabbatarwa. In an kwafe fayilolin rumbu yana tsakiyar aiki ba ta hanyar da ta dace ba, za ta adana ɓarnar da aminci. RESTORE VERIFYONLY yana duba cewa kwafin ya cika kuma yana karantuwa, ba ya shiga ya duba lafiyar tsarin bayanan. Tabbaci ɗaya ne: a maido a wata saba dabam, a buɗe rumbun, a gudanar da DBCC CHECKDB ko makamancinsa, sannan a kira mai lissafin albashi ya nemo sunan mutum ɗaya ya ga kuɗinsa daidai.

Manya ma sun ɗanɗana. A 2006 a jihar Alaska ta Amurka, wani ma'aikacin sashen haraji ya share diskin da ke ɗauke da takardun masu neman rabon kuɗin mai, diskin ajiya ma ya tafi, da aka juya ga kaset sai ya ƙi karantuwa. Sai da aka koma ga kwalaye sama da 300 na takardu aka sake ɗaukar hotonsu, aka kashe fiye da dala 200,000. A ranar 31 ga Janairun 2017 kamfanin GitLab ya share babban rumbunsa bisa kuskure, sai ya tarar kwafin da yake dogaro da shi babu, domin manhajar kwafin ta PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6 ne, kuma wasiƙun da ke sanar da gazawar ba sa isowa. Bayanan kusan sa'a shida suka salwanta. Nasu ba kaset ba ne, amma ciwon ɗaya ne, ajiyar da ba a gwada ba.

Gwaji kuma shi ne ke gaya mana lokaci. Tarabait 6 a gudun megabait 300 a daƙiƙa ya kai sa'a biyar da rabi, in komai ya tafi daidai, kafin a ɗora kundin hada-hadar da ya biyo baya. In shugabanni suna zaton aikin sa'a ɗaya ne, gara su ji gaskiya yau da muke zaune lafiya, da su ji ta ranar da layi ya cika a bakin kanta.

Mun san abin da ke hana gwajin. Babu sabar gwaji, na'urar kaset ɗaya ce, kuma in ka nemi kuɗin ta biyu sai a ce wadda ake da ita ai tana aiki. Aiki ne da ba a yabon mai yin sa, domin in ya yi kyau ba abin da ke faruwa. Amma amana ce aka ba mu. Bayan kowane layi a rumbun nan akwai ɗan fansho da ke jiran haƙƙinsa, ko ɗaliba da ke neman takardar kammala karatu. Su ba su san LTO ba, mu suka sani.

Ga abin da muke roƙon junanmu a wannan mako. Kowa ya ɗauki takarda ɗaya ya rubuta zamanin kaset ɗinsa da na'urar da ke karanta shi, sunan manhajar kwafi da lambarta, girman bulo, lambar DBID in Oracle ne, inda makulli yake da wanda ke riƙe da shi, da matakan maidowa ɗaya bayan ɗaya. A saka takardar a ambulan a ajiye tare da kaset, makullin kuwa a wani amintaccen wuri dabam. Sannan a zaɓi kaset ɗaya na watan jiya, a miƙa shi da takardar ga abokin aikin da ba shi ya tsara ajiyar ba, a ce ya maido. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne giɓin yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya gwada ya zo ya ba mu labarin abin da ya tarar, mu ƙaru da juna. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsare mu da ranar da-na-sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.